Hannun Papi Yana Rawa

Masu cigiyata kwana biyu, ku yi haƙuri, ba ƙasa ce ta haɗiye ni ba. Gidanmu ne ya ɗauki zafi, ni ce kuma a tsakiyar tukunyar. Waɗanda suka shigo yau, sunana Oriane, ina aikin gashin ƙashi a wani asibiti a Riom, nan ƙasar Faransa, kuma jikar Anselme Roudaire ce ni. Eh, shi dai, tsohon nan mai sassaƙa mutum-mutumi da baƙin dutsen Volvic. Mu Papi muke ce masa. Ya haura tamanin, idonsa ya kusa tafiya, amma bakinsa yana nan da kaifinsa kamar jiya aka wasa.

Tun bara wani mutumin Bretagne, can bakin teku, mai suna Tanguy yake bin Papi da kyamara, yana haɗa fim a kan rayuwarsa da aikinsa. Ranar da na fara ganinsa faɗa na yi masa, don ya bar tsoho tsaye da guduma tun safe. Ya tsaya yana kallona da gashinsa buzu-buzu kamar sheƙar tsuntsu, ya ce, "Ki ƙara faɗa, ban kunna sauti ba." Daga wannan rashin kunyar aka fara. Yanzu kam ba na ɓoye wa kowa, ina son sa, kuma na san yana sona. Ni ba na cikin 'yan matan da ke kwana suna tambayar matashin kai.

To, ranar Lahadi na shirya zuwa cin abincin rana a gidan Papi kamar kullum. Na saka doguwar rigata koriya mai maɓallai har ƙasa, na ɗora 'yar rigar sanyi ruwan madara, na tufke gashina a ƙeya, na maƙala 'yan kunnen marigayiya kakata. Ashe wankan zuwa kotu na yi ban sani ba.

An ci cinyar rago da dankali mai narkakken cuku. Papi ya ci ya ƙoshi, ya tsokani tumbin Kawu Régis, ya ce da dutse ne da ya fitar da mutum biyu a ciki, sannan ya lallaba ya tafi barcin rana. Yana fita Mama ta tashi ta tura ƙofar kicin ta rufe. A gidanmu idan Mama ta rufe ƙofar kicin, ka fara neman lauya.

Kawu Régis, yayan Mama, shi ke kula da baje kolin ayyukan Papi. Ya ture farantin cuku gefe, ya haɗe yatsu.

"Oriane, saurayin nan naki ya nuna mini fim ɗin."

"Ya yi kyau ko?"

"Ya yi kyau, har zuwa inda ya tozarta ubanmu. Akwai wurin da hannun Baba yake rawa, dutse ya fashe masa, ya zauna yana kuka kamar ƙaramin yaro. Shi kuma gogan naki yana tsaye yana ɗauka! Ban iya ƙarasa kallo ba, tashi na yi na fita. Wannan za a haska a silima a Clermont, gaban duk wanda ya taɓa cire wa Baba hula?"

Na ce, "Ka gaya wa Tanguy?"

"Na gaya masa. Ya ce zai duba. Na san irin dubawar."

Mama ta goge hannu a jikin rigar girkinta mai shuɗin zane, ta zo ta tsaya a kaina. "Ke za ki gaya masa. Ai ke yake so, ko ba haka ba? Kullum yana maƙale da ke kamar kaska. To, ga inda za a gane. In son gaskiya ne, ki ce ya cire, ya cire."

"Mama, almakashi kike so ki mayar da ni?"

"Ki kira shi abin da kika ga dama. Ni dai na san irinsu. Suna zuwa da jaka a baya, su ci abincinki, su kwashi abin da suka zo nema, su ƙara gaba. Ga Florentin can, likitan haƙori, yana da gida yana da lambu, kullum sai ya tambaye ni lafiyarki."

"Lafiyar haƙorana yake tambaya."

Kawu ya kusa ƙwarewa da kofi. Mama ko murmushi. Ku fahimce ni, ban ga laifinta sosai ba. Babana ma da jaka a baya ya shigo rayuwarta, da ita kuma ya fita ina rarrafe. Wanda maciji ya sara, ko igiyar shanya ya gani sai ya daka tsalle. Amma ni ba a gwada soyayyata da awon wani.

Na ce, "Zan yi magana da shi. Amma abin da na ga ya dace zan faɗa, ba abin da aka aiko ni ba."

A mota, kafin in tayar, na tura masa saƙo.

"Kana ina?"

"Gaban kwamfuta, ina kokawa da ƙarar guduma. Kin ci rago ba ni?"

"Ragon ne ya ci ni. Gobe in na tashi aiki ina zuwa. Ka share kujera ɗaya."

"Laifi na yi?"

"Za mu gani."

Ɗakin da Tanguy ya kama haya yana saman gidan burodi, shi ya sa komai nasa yake ƙanshin burodi, har rigunansa. Wayoyi a ƙasa kamar taliya, kofuna a kan taga, safa ɗaya a kan fitila. Ya share kujerar kuwa, ya kwashe kayan kanta ya zuba a gado. Yana sanye da rigar nan tasa ruwan toka mai ɓula a gwiwar hannu, wadda na yi alƙawarin wata rana zan ƙona.

Ban ko zauna ba ya ce, "Na san abin da ya kawo ki. Ba zan cire ba, Oriane. Ko ke kika roƙa."

"Wa ya ce maka roƙo na zo?"

Ya jawo kwamfutar gabansa.

"In na cire wurin nan," ya ce, "abin da ya rage talla ne, ba fim ba. Tsoho mai hikima, dutse mai kyau, kiɗa mai daɗi, kowa ya tafa ya tafi gida. Kakanki ya fi ƙarfin haka. Zauna ki gani da idonki."

Ya miƙa hannu zai kunna, na dafe kwamfutar.

"Ba zan gani ba sai tare da mai hannun. Kawu yana cewa a cire, kai kana cewa a bari, kuna ta ja kamar hannun naku ne. Ka tambaye shi?"

"Tun farko ya ce in ɗauki komai."

"Ya faɗa lokacin da hannun bai fara cin amanarsa ba. Ka nuna masa wannan?"

"Oriane, ba ya gani."

"Yana da kunne. Kuma yana da ni."

Ya zauna a bakin gado, ya cusa yatsu cikin sheƙar tsuntsun. Can ya ce, a hankali, "Tsoro nake ji ya ce in cire."

"In ya ce fa?"

Ya ɗago ya kalle ni. Ina jin mai burodi a ƙasa yana jan tire.

"Zan cire. Amma fim ɗin ya mutu."

"To, ya mutu a hannun mai shi."

Jama'a, a nan na ƙara son sa. Da ya ce zai cire don ni, da na raina shi. Da ya ce ko Papi bai isa ba, da na sauka matakalar nan ban sake hawa ba.

Ranar Laraba da rana ba na aiki, sai muka ɗauki kwamfutar muka nufi rumfar aikin Papi da ke bayan gida. Ban ɓoye wa Mama ba, ita kuma ba ta ɓoye wa Kawu ba, don haka muka tarar da su a tsaye a bakin ƙofa kamar masu gadi. Rumfar tana nan yadda na san ta tun ina yarinya: ƙurar dutse a kan komai, gudumomi jere a bango, kawunan mutane da na dabbobi suna kallonka ta kowace kusurwa. Papi yana kan kujerarsa ta katako, bargo a cinya, hularsa ta yi fari da ƙura.

"Wannan taron fa? Na mutu ne ba a gaya mini ba?"

Na durƙusa kusa da shi na gaya masa komai, ban rage ba, har da maganar Kawu. Ya saurara yana motsa baki.

"To, kunna. Ke kuma ki zama idona. Kada ki yi mini kwalliya, yarinya, in kin yi ƙarya zan ji a muryarki."

Tanguy ya kunna. Ƙarar guduma ta cika rumfar.

"Kana tsaye gaban goɗiyar nan da ka sassaƙa," na ce. "Haske yana shigowa ta taga ta hagu. Kana aikin kunnenta. Ƙarfen sassaƙa yana hannunka na hagu."

"Hannun fa?"

Na ce, "Yana rawa, Papi."

"Kaɗan ko sosai?"

"Sosai."

Sai ƙarar ta zo, ƙas! Ko ni da nake kallo sai da na zabura. Papi bai motsa ba, amma yatsunsa sun damƙe bargon.

"Kunnen ya ɓalle ya faɗi. Ka tsaya. Ka sunkuya kana laluben ƙasa. Ka same shi. Ka zauna a kan wannan kujerar, ka ɗora shi a cinya." Na daure na ci gaba. "Kana kuka, Papi. Kafaɗunka suna girgiza."

"Ya isa haka!" in ji Mama daga bakin ƙofa. Ita ma kukan take.

"Ghislaine, rufe mini baki. Ci gaba, yarinya. Daga nan fa?"

Na goge ido na duba. "Ka share fuska da hula. Ka tashi. Kana shafa inda ya karye da babban yatsa, kana ta shafawa. Yanzu ka karkata kai, kamar kana sauraron wani abu. Ka ajiye kunnen a aljihu." Na ji dariya tana taso mini cikin hawaye. "Ka zagi dutsen, Papi. Ka kuma ɗauki guduma."

Ƙarar ta dawo, a hankali, sannan ta daidaita. Dukanmu muka juya muka kalli goɗiyar da ke tsaye a kusurwa, gamammiya, kunnenta ɗaya a miƙe, ɗayan a kwance a baya kamar ta ji an kira ta. Na sha wucewa ta gabanta, ban taɓa sanin ba haka aka nufa da farko ba.

Papi ya ce, "Régis, ka ga wannan wurin?"

Kawu ya yi gyaran murya. "Na fita kafin nan, Baba."

"Ai kullum haka kake, tun kana yaro ba ka jiran ƙarshen labari." Ya juya fuska inda yake jin numfashin Tanguy. "Kai, ɗan bakin teku. Ka bar shi. Duk masassaƙin da ya ce dutse bai taɓa sa shi kuka ba, cuku yake yankawa. Mutane sun daɗe suna ganin abin da na gama, bari su ga abin da yake ci kafin ya kammalu."

"Baba, mutuncinka..." in ji Kawu.

"Mutuncina ba a hannu yake ba, da tuni ya zube."

Na ga kafaɗun Tanguy sun sauka kamar an sauke masa buhu. Amma tsohon bai gama ba.

"Sai dai akwai inda za ka yanke. Ranar da yarinyar nan ta zo tana matsa mini yatsu. Ina ta zuba maka bayani a kan jijiyar dutse, maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, sai na ji takalminka ya juya. Makaho ne ni, ba kurma ba. Kyamarar nan ba ni take kallo ba."

Tanguy ya yi ja har kunne. "Monsieur Roudaire, haske ne ya fi kyau ta wancan gefen."

"Haske! Haske mai turaren lemo, ko?"

Har Mama sai da dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta rufe baki da gefen riga. Ni kuwa na gyara zama abina. Ina laifin haske?

Sai Papi ya miƙo hannu biyu. "Matso nan."

Na matsa. Ya ɗora tafukansa a fuskata, masu kaushi kamar bayan itace. Ya bi goshina, ya bi ƙashin kumatu, ya sauko haɓa. Abin mamaki, da suka sami inda za su zauna, rawar ta lafa.

"Wannan nake so," ya ce. "Fuskar nan ita ce ta ƙarshe da zan sassaƙa. 'Yar fitilar da ta rage mini a ido ba za ta wuce hunturun nan ba, likita ya faɗa, ni ma na sani. Akwai dutse mai kyau da na ɓoye tun kakarki tana raye. Ki riƙa zo mini da safe kina zama, daga yanzu zuwa bazara. Za ki iya?"

Ban kalli kowa ba na ce, "Zan iya, Papi."

Da na ɗago, na ga fuskar Tanguy ta canza. Ya naɗe wayar kwamfuta, ya kwance, ya sake naɗewa.

A waje, ƙarƙashin bishiyar gyaɗar turawa da ke bakin ƙofar gida, ya buɗe tsohuwar motarsa ya ajiye kaya, ya tayar da inji, sannan ya fito ya tsaya yana murza makullin ɗakinsa.

"Oriane, akwai maganar da ban gaya miki ba. An ba ni aiki a Québec, can Kanada. Fim a kan masu tuƙa jirgin ruwa cikin ƙanƙara. Shekara guda, wataƙila fiye. Farkon Nuwamba ake so in tafi."

Na ji kamar an zare mini kujera, amma ban bari ya gani ba. "Tun yaushe ka sani?"

"An kwana biyu."

"Shekaranjiya ina ɗakinka, bakinka ciwo yake?"

"So nake in gama da maganar fim tukuna. Kuma so nake in tambaye ki yadda ya kamata, ba a nan ba." Ya zura hannu cikin jakar kyamara, ya fito da ɗan ƙaramin akwati mai shuɗin ƙyalle, duk ya yi ƙura. "Ki zo mu tafi tare. A matsayin matata. Can ma ana neman masu irin aikinki, na bincika."

Ku tsaya, kada ku fara guɗa. Na san wasunku har sun zaɓa mini rigar biki. Zuciyata ta buga, ba zan yi muku ƙarya ba. Na kalli akwatin, na kalli rigar nan mai ɓula, na ji kamar in faɗa jikinsa in ce mu tafi yanzu. Ta gefen ido kuma ina hango labulen kicin yana motsi. Mama.

Na sa hannu na rufe yatsunsa a kan akwatin.

"Tanguy, ina son ka. Wannan ba abin tambaya ba ne. Amma ba na karɓar zobe a bakin mota, inji yana kunne."

"Bari in kashe."

"Ba injin ba ne, kai ma ka sani. A gabanka na yi wa tsohon nan alƙawari. Ba inda za ni sai ya ajiye guduma."

"Ba za su jira ni har bazara ba. Ƙanƙarar ce fim ɗin."

"Na sani. Ban ce ka fasa ba, ban ce ka tafi ba. Kai da ka ƙi yanke fim ɗinka don ni, ba zan ce ka yanke aikinka don ni ba. Amma ni ma ba zan yanke nawa ba. Ka je ka yi tunani. In akwai hanya, kai za ka nemo ta, tunda kai ka ɓoye maganar har ta ƙure."

"In babu fa?"

"Sai ka gaya mini da bakinka. Ba zan mutu ba. Zan dai ji ciwo."

Ya mayar da akwatin cikin jaka, ya sumbaci goshina, ya shiga mota ya ja.

Na tarar da Mama a kicin tana gyaran koren wake, tana karya shi kamar shi ya yi mata laifi.

"Ban gaya miki ba?" ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Ya samu abin da ya zo nema."

"Zobe ya ba ni, Mama. Ni na mayar."

Waken ya tsaya a hannunta. "Kika mayar?"

"Na ce ba yanzu ba."

Ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni da aka ce mini in bi, ko takalmi ban tsaya ɗauka ba." Ta turo mini kwanon. "Zauna ki taya ni. Kin fi ni taurin kai, wannan na Baba ne."

Daga ranar shiru. Ba kira, ba saƙo. Ni ma ban nema ba, ko da yake na duba wayar nan har ta gaji da ni.

Asabar da safe na je zaman farko. Na saka tsohon wandona na aiki da rigar ulu mai wuya, ba hoda ba jan baki, don Papi ya ce shi da yatsu yake gani, kada in shafa masa maiƙo. Ya zaunar da ni a kan doguwar kujera kusa da taga. Ga dutsen a gefe, baƙi, shiru, yana jira. Ya fara da yumɓu tukuna, yana taɓa fuskata, yana komawa yana dannawa.

"Ɗaga haɓa. Haka. Kalli ƙofa. Yauwa, wannan kallon na rainin wayo nake so. Kada ki motsa."

A daidai nan wayata ta yi rawa a aljihun wando. Ta tsaya. Ta sake. Ta kuma sakewa, a jere, irin na mutumin da ya daɗe yana tara magana ta ɓalle masa gaba ɗaya. Na san ko waye. Zafi ya taso mini tun daga ciki har kumatu.

Babban yatsan Papi yana kan kumatun. Ya yi murmushi.

"Ɗan bakin teku ne?"

"Shi ne."

"Za ki duba?"

Hannuna ya riga ya kai bakin aljihu. Na dawo da shi kan cinya.

"In ban kwana ne, ba zai lalace kafin rana ta take ba. In kuma hanya ya samo, ya jira ni yadda na jira shi."

"To, riƙe haɓar nan," in ji Papi.

Wayar ta sake rawa. Ban motsa ba.